Kawu Mai Ajiyar Muryoyi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, yana zaune a kan bencinsa a ƙofar shago, abin sauraro rataye a wuyansa. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ne ya lura kaset ya ƙare, maɓallin rikoda ya yi tsalle, amma Kawu bai miƙa hannu ya juya shi ba.

Ina Enugu aka bugo mini waya. Kafin motarmu ta shigo Anaca an riga an kai shi makwancinsa, don haka ban gan shi ba, sai mutanen da ya bari. Kuma wallahi ya bar mutane. Layin gidan ya cika har bakin kwata. Ga masu albasa da barkono na Kasuwar Ose, ga 'yan canji da manyan rigunansu, ga 'yan dako da gammo a hammata, sun bar kayan mutane sun taho. 'Yan okada sun jera baburansu har ba hanyar wucewa. Matar da ke sayar da busasshen kifi a gefen shagonsa, 'yar Ibo, wadda ta yi shekara da shekaru tana faɗa da shi kan ƙarar sifika, ita ce ta fi kowa kuka. Ta zauna dirshan a tsakar gida tana buga cinya.

"Chai! Papa Kaset don go! Who go disturb me again? Who?"

Wani tsohon mahauci da ya taso tun daga Fatakwal ya tsaya daga bakin zaure, ya yi wa mata gaisuwa yadda manya ke yi, ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Ni muryar mahaifina tana wurinsa." Wani ya ce ta ƙaninsa ma tana can. Wata ta ce waƙar bikinta. Duk wanda ya buɗe baki sai ka ji yana da wata murya da ya ba Kawu ajiya.

Inna, matarsa, tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki. Idanunta sun daɗe da yin yana, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Ba ta yi kuka ba, ko ɗigo, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. A gefenta akwai kwanon kunu rufe da faifai. Da safiyar ranar Kawu ya ce ta ajiye masa, zai dawo ya sha, kuma ta hana kowa taɓa kwanon. Ta yi ta sauraron masu cewa muryar wane tana wurinsa, muryar wance tana wurinsa, can sai ta juyo inda ta ji motsina.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Kin ji kowa da muryar nasa. To ina tasa?"

Na fita na faɗa wa maza. Nan da nan kowa ya zaro waya, don ba wanda babu abin da Kawu ya tura masa a memori. Aka yi ta kunnawa. Waƙoƙin noma, wa'azi, kiɗan biki, saƙon wani ga uwarsa, amma babu Kawu ko tari. Wayarsa shi kansa 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta tura saƙon murya, kuma in ya kira ka, kafin ka gama amsa sallama ya gama abin da ya kira ka dominsa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cusa wa mutane makirfo a baki, in ka juya masa shi sai ya kau da kai ya ce, "Ni me zan ce?"

Wannan tambaya ta Inna ce ta sa na zauna rubutu. Ban iya rubutu ba, baki na iya, kuma Kawu ne shaidata, tunda Rediyo yake kirana.

Yayan mahaifiyata ne. A gidansa na tashi bayan rasuwarta, a wancan ɗakin da rabinsa gado ne rabinsa kwalayen kaset. Tun kafin a haife ni yake da shagon, wani ɗan lungu a bayan rumfunan albasa, inda warin albasa ya kama komai har kwalin kaset. Yana sayar da waƙoƙi da wa'azi kamar sauran masu sana'ar, amma abin da aka san shi da shi daban ne. A wancan zamani ba waya, kuma yawancin samarin da ke zuwa ci-rani ba su iya rubuta wasiƙa ba. Sai mutum ya zo wurin Kawu ya zauna a kan benci, a kunna rikoda, ya gaida gida, ya faɗi abin da ke ransa, a ba direban motar albasa mai komawa Arewa ya kai. Kawu kan yi biyu. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna a shago, wai ko mota ta lalace a hanya ko kaset ya jiƙe. In na tafiyar ya isa lafiya, na zaman ba ya share shi ya ɗora wani a kai kamar yadda ake yi. Inna ta yi mita har ta gaji, don kwalayen sun kore ta daga ƙarƙashin gadonta.

In kuka tambaye shi amfanin tara muryar mutanen da wasu ma ba su san ya ajiye ba, amsarsa ɗaya ce: "Kunne ya girmi kaka."

Mutum ne mai tsantseni da aikinsa har ya kai ga ban haushi. Ba a taɓa zaren kaset da yatsa. Ba a ajiye kaset kusa da sifika. Ba a atishawa in jar fitilar rikoda tana ci. Ni da bakina ba ya mutuwa, na sha kora daga shagon. Ya kan ce, "Rediyo, je ki gida ki buɗe tasharki." Amma in ba na nan ya kan tambayi Inna ko lafiya gidan ya yi tsit. Yana son gyaɗa dafaffiya, yana ƙin fanka don ƙararta na shiga sauti, sai ya zauna yana ta haɗa gumi shi da mai saƙon. Ko ruwan sama yakan yi wa tsaki in ya sauko kan kwano ana tsakar ɗauka, sannan ya yi istigfari.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ruwa ya shigo har cikin shago, kaset da yawa suka yi fumfuna. Ranar na ga Kawu yana shanya su ɗaya bayan ɗaya a kan buhu. A nan babban ɗansa ya shigo maganar. Taubashina ne, ina ce masa Yaya in ina neman wani abu a wurinsa. Yana da shagon waya a Fatakwal, yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ya zo da kwamfuta ya ce a kwashe komai a zuba a ciki kafin danshi ya cinye sauran. Ya kuma zo da wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, ya ce duk shagon zai shige cikinsa. Kawu ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "To, rumbu ke nan." Sunan da ya bi abin ke nan a gidanmu.

Rigimarsu ta tashi ne kan yadda za a zuba. Yaya ya kwafe kaset na farko, ya mai da shi irin wanda kowa ke sa wa a waya, MP3, ya datse farkonsa da ƙarshensa, ya wanke shuuu ɗin kaset, ya kunna yana murmushi. Muryar wani ɗan dako ce yana gaida mahaifiyarsa. Kawu ya rufe ido ya saurara har ƙarshe.

"Ina numfashinsa?"

"Wane numfashi kuma, Baba?"

"Kafin ya ce 'Iya' ya ja numfashi, don kuka ya taso masa. Ina ka kai shi? Kuma akwai mai baro da ya wuce a baya yana neman hanya."

"Baba, wannan ai noise ne, hayaniya kawai. Customer no wan hear that one. In an bar shi yadda yake, rumbun nan ba zai ɗauki rabin kayanka ba."

"To a sayo wani rumbun."

"Yaran da ke zuwa turi wayarsu ba ta da wuri, Baba. Waƙa goma ta cika."

Gaskiya Yaya yana da gaskiyarsa, ni ma a lokacin bayansa na bi, duk da ba na son in ga ya yi nasara a komai. Amma Kawu ya kafe. Ya ce mutum ya ba shi amanar maganarsa da shirunsa, ba zai mayar da rabi ba. Yaya ya ce shi ya bar shagonsa ya zo taimako ana raina masa aiki. Ya haɗa jakarsa ya koma Fatakwal. Azumin shekarar gaba ɗaya ba su yi magana ba, sai Inna ke kai saƙo tsakaninsu, tana rage wa kowane ɗaci kafin ta isar.

Bayan salla Yaya ya dawo da kansa, ya ce ya samo wata hanya. Akwai irin matsin da ke rage girman abu ba tare da zubar da komai ba, FLAC sunansa. Ya yi ta bayani da Turanci, Kawu yana kallonsa. Inna da ke tankaɗe a tsakar gida ce ta ɗago ta ce, "Malam, cewa yake wancan yanke zanin ake yi don ya shiga akwati, wannan kuma ninke shi ake yi." Kawu ya ce a kunna. Ya rufe ido, ya ji numfashin, ya ji mai baro. Ya buɗe ido ya ce, "Filak. To, a ninke." Suka yi sulhu a kan haka: manyan suna cikin rumbu ba mai taɓa ko daƙiƙarsu, Yaya kuma yana fitar da ƙanana, datsattsu, wankakku, don masu waya. Kawu bai taɓa cewa yaron ya kyauta ba. Ya dai aika aka sayo masa tsire, abin da bai saba ba.

Da tsufansa ya koyi kwamfuta, da yatsa ɗaya, yana danna linzami kamar zai kashe kiyashi. Tsarin ajiyarsa kuwa ba mai gane shi sai shi. Yaya ya so a jera da sunan mawaƙi da shekara, Kawu ya ce a Anaca ba a tambayar mutum sunansa kafin a tambaye shi garinsu. Saboda haka kowace murya tana ƙarƙashin garin mai ita, mawaƙi ne ko malami ko mai tura baro. Mutanen Aliero wuri guda, na Illela wuri guda, na Haɗeja, na Gaya, na Maraɗi. Sai wani wuri guda da ya sa wa suna "Waɗanda suka riga mu." In labarin rasuwar wani ya iso kasuwa, Kawu zai yi alwala, ya zauna, ya saurari muryar mutumin daga farko har ƙarshe, ya yi masa addu'a, sannan ya ja ta ya kai can. Rumbun kuma uku ya yi. Ɗaya a shago, ɗaya a Fatakwal, ɗaya ya ba ni na kai Enugu na sa a cikin akwatin lefena, wai ruwa ba zai ci garuruwa uku a rana ɗaya ba.

Na taɓa zuwa ganin gida na tarar da wani magidanci a shagon, direban tirela, ƙato, ya kai shekara talatin da wani abu. Ya ce an gaya masa mahaifinsa ya yi dako a kasuwar nan kafin ya rasu, shi kuma a lokacin yana goye. Bai san fuskarsa ba, ba hoto. Kawu bai tambayi suna ba, ya ce, "Wane gari?" Ya faɗa. "Mai ɗan in'ina, mai tsagar gado?" Mutumin ya ce haka aka ce masa. Kawu ya laluba da yatsansa ɗaya, ya ɗora masa abin sauraro a kai, ya ja hannuna muka fita, ya sauke labule. Muna tsaye a rana muna jin ƙaton mutumin nan yana shessheƙa. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya ce, "Rediyo, yau a kashe tasha." Da mutumin ya fito ya sa hannu a aljihu, Kawu ya riƙe hannun ya ce, "Kayan ubanka ne, ajiya ya ba ni."

Wannan Kawun ne Inna ke tambayar ina tasa muryar.

Bayan addu'ar uku na ce wa Yaya ya tashi mu je shago. Ya ce ya duba duk abin da ke wayarsa da kwamfutarsa babu. Na ce, "Ai kai da almakashinka ba abin da za a samu a wurinka. Rumbu za mu buɗe." Ya kalle ni, idonsa ya yi ja, bai rama ba. Nan na san taubashina ya karye, don bai taɓa barin magana ta ta faɗi ƙasa ba.

Shagon yana nan yadda aka bar shi, da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin benci. Kasuwa tana ci a waje. Yaya ya jona rumbu, ya buɗe garin farko da hannunsa ya kai, ya kunna. Aka ji ƙarar maɓalli, sai shuuu, sai hayaniyar masu albasa daga nesa. Sai wata murya kusa da makirfo, a hankali:

"Bismillah. Yi magana, ana jin ka."

Yaya ya dafe kai. Abin da yake datsewa ke nan duk shekarun nan, don a ganinsa saƙo yana farawa ne daga inda mai saƙon ya buɗe baki. Mu duka mun ji Kawu yana faɗin haka sau ba adadi, har kunnenmu ya daina ji. Ya kunna na gaba, haka. Na gaba, haka. A wasu muryar saurayi ce mai kauri, a wasu ta fara rawa, a na baya-bayan nan har ana jin rashin haƙoran gaba. Muka yi ta kunnawa muna kuka, ni da Yaya, kamar yara.

Da na share fuska sai na ce wannan bai isa ba. Duk waɗannan da maza yake magana. Inna tana buƙatar wadda aka yi da ita. Yaya ya ce ai Inna ba ta taɓa zama gaban makirfo ba. Na ce ta taɓa ba ni labari cewa shekarar da aka kawo ta Anaca ta aika wa mahaifiyarta kaset. Ya ce shi bai kwafe irin wannan ba. Na ce to wataƙila mai shi ya kwafe abinsa da yatsansa ɗaya. Muka nema da sunanta babu, muka nemi "gida" babu. Can na tuna halin Kawu, na ce, "Buɗe Bichi." Garinsu Inna ke nan. A can ƙasa, bayan masu barkono da wani malami, ga ɗaya an rubuta "Amarya."

Ba mu saurara ba sai farkonsa. Yaya ya naɗe kwamfutar, na ɗauki abin sauraron Kawu, muka hau okada muka koma gida.

Mata sun cika ɗakin. Na durƙusa gaban Inna na ce mun samo. Ta miƙo kai kamar yarinyar da za a yi wa kitso. Na ɗora mata abin sauraron a kan mayafinta, har yanzu yana warin man da Kawu ke shafawa. Yaya daga bakin ƙofa ya ƙara sauti yadda mu ma muna jin kaɗan yana fitowa. Ƙarar maɓalli, shuuu, wani zakara daga nesa. Sai muryar Kawu yana saurayi, da dariya a cikinta:

"Bismillah. Yi magana, ana jin ki."

Daga nan shiru ne mai tsawo a cikin kaset ɗin, don amaryar kunya ta kama ta, ta kasa cewa komai. Irin shirun da kowane mai hankali zai datse. Ana jin numfashinsu su biyu. Inna ta miƙa hannu ta lalubi kwanon da ke gefenta, ta dafa faifan.

"Malam," ta ce, "kununka na nan. Ka fita ba ka sha ba."

A cikin kaset yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Malam, kashe abin nan mana." Shi kuma ya ce, "Ba zan kashe ba. Dariyar ma saƙo ce."

A nan kukan Inna ya ɓalle, wanda ta riƙe tun ranar Talata. 'Yar Ibon nan mai kifi, da ba ta jin rabin abin da ake faɗa, ta rungume ta ta baya suna jijjiga tare. Da kukan ya lafa, Inna ta ture kwanon wajena ta ce in je in wanke. Sannan ta gyara zaman abin sauraron a kunnenta da hannu biyu.

"Ce wa yayanki ya mayar da shi farko."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa abin da ya riƙe wa mutane amana ya zame masa haske. Ran da ya buɗe baki a gaban Ubangijinsa, Allah ya sa a ji shi.